Kishiyoyi a Faifai Ɗaya: Tarihin Zaman Windows da Linux

Duk wanda ya taɓa ajiye Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, a Kano ko Yamai ko Garwa, ya san wannan abin mamaki. Ka yi aiki a Linux da safe, ka kashe, ka tayar da Windows, sai ka tarar agogon da ke ƙasan fuskar kwamfutar ya koma baya da awa ɗaya cur. Ka gyara shi, gobe ya sake. Mai gyaran da aka fara kai wa zai ce ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda ke maƙale a allon cikin kwamfutar, shi ne ya mutu. A canza shi, a biya kuɗi, agogo kuma ya ci gaba da halinsa. Mai irin wannan kwamfuta sak a Kumasi kuwa bai taɓa ganin matsalar ba.

Lafiyar batirin ƙalau. A shekarar 1984 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutar PC/AT ɗauke da agogo mai batir, wanda ke ci gaba da ƙirga lokaci ko da an kashe wuta. Babbar manhajar DOS ta ɗauki abin da wannan agogo ya nuna a matsayin lokacin garin da ake, kamar agogon bango, Windows kuma ta gaji wannan ɗabi'a daga gare ta. Linux ta fito ne daga gidan Unix, inda al'ada ita ce a ajiye agogon inji a kan lokacin duniya na bai ɗaya, wato UTC, sannan a ƙara ko a rage awannin kowace ƙasa a lokacin nuna wa mutum. Linux ta rubuta lokacin duniya a agogon, Windows ta zo ta karanta shi a matsayin lokacin gida. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban UTC da awa ɗaya, tazarar da ake gani ke nan. Sudan tana gaba da awa biyu. Ghana tana kan UTC daidai, don haka saɓanin yana nan a kwamfutar mutumin Kumasi, illa iyaka ba ya fitowa fili. Maganinsa layi ɗaya ne: ko a gaya wa Linux ta bi lokacin gida, ko a saka wa Windows ƙa'idar RealTimeIsUniversal a rajistarta.

Na fara da agogo ne domin shi ne mafi sauƙin misali na wani abu da ya fi shi girma. Kaso mai yawa na abin da ake kira lalacewar kayan kwamfuta a injin da ke ɗauke da manyan manhajoji biyu, daga Wi-Fi da ya ɓace zuwa faifan da ya ƙi bayyana, saura ne na shawarwarin da wasu injiniyoyi da 'yan kasuwa suka yanke shekaru talatin ko arba'in da suka wuce. Wanda ya san tarihin yakan gane ciwon tun kafin ya kwance kusa ko ɗaya.

Bayit 512

Kwamfutar IBM PC ta farko, wadda ta fito ranar 12 ga Agustan 1981, ba ta da babban faifan ajiya a ciki. Mai saye yana da zaɓin manyan manhajoji uku: PC DOS ta Microsoft a kan dala 40, CP/M-86 ta kamfanin Gary Kildall a kan dala 240, da kuma UCSD p-System. Canza babbar manhaja a wancan zamani bai wuce a zare faifan fulofi a saka wani ba. Babu kishi, tunda kowa da ɗakinsa, kuma ɗakin a aljihu yake.

Haɗa su gida ɗaya ya soma ne a watan Maris na 1983, lokacin da PC/XT ta zo da faifai mai megabayit 10 tare da DOS 2.0. A nan aka ƙirƙiro tsarin da ake kira MBR. Sashen farko na faifan, bayit 512 kacal, aka kasa shi uku: bayit 446 na umarnin tayar da inji, bayit 64 na jadawalin yankunan faifai, wanda ke ɗaukar yanki huɗu kawai, sai bayit biyu na alamar rufewa. Idan aka kunna kwamfuta, BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke dashe a jikin allo, tana karanta wannan sashe ta miƙa masa ragama, ba tare da ta tambayi wanda ya rubuta shi ba. Jadawalin ya amince cewa masu gida za su iya kai huɗu. Ƙofar shiga kuwa ɗaya ce, kuma wanda ya rubuta waɗannan bayit 446 a ƙarshe shi ke riƙe da mabuɗi. Rigimar shekaru talatin masu zuwa a wannan ɗan wuri aka yi ta.

Ita kanta Linux a irin wannan gidan haya aka haife ta. Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya sayi kwamfuta mai injin 386 a farkon 1991, ya ɗora mata Minix, a cikin Minix ɗin kuma ya riƙa rubuta tasa manhajar, wadda ya sanar da duniya ranar 25 ga Agustan shekarar. Ba da daɗewa ba, yana ƙoƙarin kiran kwamfutar jami'a ta waya, ya nuna wa manhajar kiran faifansa a maimakon modem, ta rubuta shirme a kan yankin Minix ta lalata shi. Maimakon ya sake ɗora Minix, sai ya zauna a Linux dungurungum.

A 1992 Werner Almesberger ya rubuta LILO, manhajar da ke zama a ƙofar faifai tana tambayar mutum wace babbar manhaja yake so. LILO tana da wata dabara da har yau nake ganin ba a yi kamarta ba wajen sauƙaƙa gano ciwo. Kowane harafi daga haruffa huɗu na sunanta yana fitowa a fuska ne bayan an kammala wani mataki. Idan babu harafi ko ɗaya, ba a ma kai gare ta ba. Idan ta tsaya a L da I, an ɗauko kashi na biyu amma ya kasa aiki, galibi saboda BIOS da Linux sun saɓa a kan yadda faifan yake a tsare. Tsofaffin masu Linux sun sha zama gaban baƙar fuska mai haruffa biyu. Saɓanin ya samo asali daga yadda BIOS ke ƙirga faifai da silinda, kuma lissafinta ba ya wuce silinda 1024, abin da a haɗe da iyakar faifan IDE ya tsaya a wajen megabayit 528. Da faifai suka girma, sai ya zamana duk wanda ya ajiye Linux a bayan wannan iyaka, ƙofar ba ta hango ta. Faifai lafiyayye, manhaja lafiyayya, inji kuma ya ƙi tashi. GRUB, wadda Erich Boleyn ya fara a 1995, aikin GNU kuma ya karɓa a 1999, ita ce ta gaji LILO, domin tana iya karanta tsarin fayiloli da kanta, ba sai an haddace mata lambar sashe ba.

Ita Windows, a duk lokacin da aka ɗora ta, rubuta nata umarnin take yi a kan bayit 446 ɗin nan ba sallama. Daga nan aka samo ƙa'idar da kowane mai gyara ya haddace: a fara ɗora Windows, Linux ta zo daga baya. Wani zai ce sakaci ne kawai. Labarin kamfanin Be ya nuna akwai lissafi a ciki. Jean-Louis Gassée, tsohon jigo a Apple, ya yi tayin ba masu ƙera kwamfuta manhajarsa ta BeOS kyauta, muddin za su ɗora ta tare da Windows. Hitachi ta ɗora ta a wasu kwamfutocinta samfurin Flora Prius a ƙarshen shekarun 1990, amma mai saye ba ya ganin zaɓin idan ya kunna, sai ya bi wasu matakai da hannunsa kafin ya tono ta, saboda sharuɗɗan lasisin Windows a kan abin da za a iya nunawa yayin tayar da inji. Be ta kai Microsoft kotu a 2002, aka sasanta a 2003 a kan dala miliyan 23 da dubu 250, ba tare da Microsoft ta amsa laifi ba. A lokacin kamfanin ya riga ya rushe.

Kayan da suka san harshe ɗaya

Rigimar ƙofa mai sauƙi ce idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya. Kowane sashe na kwamfuta, katin sauti ne ko na hoto ko na sadarwa, yana buƙatar ƙaramar manhajar da masu gyara ke kira direba, duk da aikinta ya fi kama da na tafinta tsakanin sashen da babbar manhaja. A tsakiyar shekarun 1990 masu ƙera modem suka gano hanyar rage tsada: su cire guntun da ke sarrafa sigina daga jikin katin, su bar wa babban injin kwamfuta aikin ta hanyar direba. Direban kuma na Windows kaɗai suka rubuta. Aka riƙa kiran irin waɗannan Winmodem. Mutum ya shiga intanet lafiya a Windows, ya koma Linux ya tarar kamar babu modem a kwamfutar. A gaskiya rabin modem ne a ciki, ɗaya rabin yana cikin Windows.

Haka aka maimaita da katin Wi-Fi a farkon shekarun 2000. Kamfanoni irin su Broadcom sun ƙi sakin bayanan yadda guntayensu ke aiki, har ta kai a 2003 aka ƙirƙiro NDISwrapper, dabarar da ke ɗauko direban Windows ta yaudare shi ya ɗauka a gida yake. Wasu kuma suka duƙufa suna warware direbobin kamfani baya-baya don su gano sirrin. A watan Janairun 2007 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan masu kula da zuciyar Linux, ya yi shela cewa duk kamfanin da ya ba da bayanan kayansa za a rubuta masa direba kyauta. Broadcom ba ta saki buɗaɗɗen direba nata ba sai a 2010. Nvidia ta fi kowa daɗewa. A watan Yunin 2012, a Jami'ar Aalto ta Finland, wata mai sauraro ta yi wa Torvalds ƙorafin kwamfutarta mai katin hoto biyu da Linux ta kasa sarrafawa, shi kuwa ya juya ga kyamara ya yi wa kamfanin alamar zagi da yatsa. Sai a watan Mayun 2022 Nvidia ta fara buɗe wani ɓangare na direbobinta.

Amma wurin da abin ya fi zurfi, kuma ya fi wuyar ganewa ga mai gyara, shi ne ACPI. Intel da Microsoft da Toshiba ne suka fitar da wannan ƙa'ida a watan Disambar 1996, domin tsara yadda babbar manhaja za ta sarrafa wuta: barcin kwamfuta da farkawarta, gudun fanka, hasken fuska, karatun batir, abin da zai faru idan an rufe murfi. Mai ƙera kwamfuta yana rubuta wasu jadawalai a cikin BIOS da ke bayyana injin, babbar manhaja kuma ta karanta ta yi aiki da su. A takarda, ƙa'ida ce ta kowa da kowa. A masana'anta kuwa, gwajin da ake yi ɗaya ne: idan Windows ta tashi, ta yi barci, ta farka, an gama. Kurakuran da Windows ke haƙuri da su sai su wuce ba a gani ba, su je su jira mai Linux.

Akwai wata wasiƙar cikin gida da Bill Gates ya rubuta wa manyan ma'aikatansa a watan Janairun 1999, wadda ta fito fili a shari'ar Comes da Microsoft a jihar Iowa ta Amurka. A ciki ya nuna damuwa cewa su da abokan hulɗarsu suna wahala a kan ACPI, Linux kuma tana cin moriyar aikin ba ta zuba gumi ba, ya kuma tambaya ko akwai yadda za a sa ƙarin ƙa'idar ya zama na Windows kaɗai. Masu son Linux sun daɗe suna ɗaga wannan wasiƙa a matsayin hujjar maƙarƙashiya. A ganina wasiƙar ta nuna niyya, amma ba a buƙatar maƙarƙashiya don a bayyana abin da ya faru. Kamfanin da ke sayar da kwamfuta a kan 'yar ƙaramar riba ba zai biya injiniya ya gwada manhajar da kaɗan daga masu saye ke amfani da ita ba. Kasuwa ta isa ta yi ɓarnar ita kaɗai.

Martanin masu Linux yana da ban dariya. A cikin ACPI akwai hanyar da BIOS ke tambayar babbar manhaja ko ita wace ce. Da farko Linux tana amsa sunanta. Sai aka lura cewa amsa gaskiya yana jefa inji a hanyoyin da masana'anta ba ta taɓa gwadawa da kyau ba. Daga sigar 2.6.23 ta shekarar 2007, idan BIOS ta tambayi Linux ko ita Linux ce, sai ta ce a'a, idan kuma ta tambaye ta ko ita Windows ce, sai ta ce i. Har yanzu haka ake yi. Kusan duk kwamfutar tafi-da-gidanka da ke tafiyar da Ubuntu a yau da sunan kishiyarta take gabatar da kanta ga allon da take zaune a kai.

A cikin wannan duka, zaman kishiyoyin ya haifar da wani amfani da ba a yi niyya ba. Kwamfuta mai manyan manhajoji biyu tana ɗauke da shaidu biyu da ba sa jituwa, kuma shaidar waɗanda ba sa jituwa ta fi ƙarfi idan ta zo ɗaya. Idan sauti ya mutu a Windows da Linux duka, a duba lasifika ko waya. Idan ya mutu a ɗaya kawai, a bar sukudireba a aljihu. Knoppix, wadda Klaus Knopper ya fitar a 2000, ta mayar da wannan dabara ta kowa, domin tana tashi daga faifan CD ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Memtest86 ta Chris Brady, tun daga 1994, tana gwada ƙwaƙwalwar RAM ba tare da wata babbar manhaja ba sam, kuma shekaru da yawa Ubuntu tana saka 'yar'uwarta Memtest86+ a jerin zaɓin GRUB. Fulashin Linux da ƙwararren mai gyara ke ajiyewa a yau jikan Knoppix ne.

Sai dai shaidun biyu suna iya gurɓata wa juna wurin. Direban Windows na wasu katunan sadarwa yakan kashe katin yayin rufewa, Linux ta zo ta tarar kamar ba a saka waya ba. Na'urar kunne ta Bluetooth tana ganin kwamfutar a matsayin inji ɗaya mai lamba ɗaya, alhali kowace manhaja ta ƙulla da ita da mabuɗin sirri daban, don haka haɗa ta da ɗaya yana warware ta daga ɗayar. Mafi girma shi ne abin da Windows 8 ta kawo a 2012 da sunan saurin tashi, Fast Startup. Idan ka danna kashewa, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana adana halin da zuciyarta da direbobinta ke ciki a faifai, don ta farka da wuri. Linux ta tashi ta tarar yankin Windows a kulle, ta ƙi rubutu a kansa don kada ta lalata fayiloli, wani lokaci kuma ta tarar Wi-Fi ko sauti a wani hali na rabin barci. Abin mamakin shi ne danna sake-tayarwa yana kashe Windows kisa na gaske fiye da danna kashewa.

Zamanin hatimi

BIOS ta yi shekara talatin tana aiki kafin a yi mata ritaya. Intel ta fara ƙera magajinta a ƙarshen shekarun 1990 saboda injinta na Itanium, a 2005 kuma aka miƙa aikin ga ƙungiyar kamfanoni da sunan UEFI. A kan takarda, UEFI ta warware tsohuwar rigima. An daina faɗa a kan bayit 446: akwai yanki na musamman a faifai inda kowace babbar manhaja ke da jakarta, allon kuma yana riƙe da jerin sunayensu. Jadawalin GPT ya ɗauke iyakar yanki huɗu, ya kai 128, ya kuma wuce iyakar terabayit 2 ta MBR. Apple ma, da ta koma injin Intel a 2006, ta fitar da Boot Camp a watan Afrilun shekarar domin masu Mac su ajiye Windows a gefe.

Murnar ba ta daɗe ba. A watan Satumbar 2011 aka fahimci cewa duk kwamfutar da za ta ɗauki tambarin Windows 8 dole ta zo da Secure Boot a kunne, wato allon ba zai tayar da komai ba sai abin da ke ɗauke da hatimin da ya sani. Dalilin tsaron na gaskiya ne, domin akwai ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke ɓuya a ƙofar faifai tun kafin babbar manhaja ta farka. Amma hatimin da kusan kowane allo ya sani na Microsoft ne. Matthew Garrett, injiniya a Red Hat a lokacin, shi ya fi kowa ɗaga murya, shi kuma ya rubuta maganin da ake amfani da shi har yau: wata 'yar manhaja mai suna shim, wadda Microsoft ke buga wa hatimi, ita kuma ta tabbatar da GRUB, GRUB ta tayar da Linux. Kuɗin rajistar dala 99 ne. Kuɗin kaɗan ne, amma ma'anarsa babba ce: daga wannan rana mafi yawan masu Linux da izinin hatimin Microsoft suke shiga kwamfutar da suka saya da kuɗinsu.

Masu ƙera alluna kuma suka shigo sabon zamani da tsohon halinsu. A ƙarshen 2012 Garrett ya bayyana wata kwamfutar tebur ta Lenovo, ThinkCentre M92p, wadda ba ta tayar da komai sai sunansa a jeri ya kasance na mai tayar da Windows ko na Red Hat Enterprise Linux. Mai Fedora ko Ubuntu sai ya canza suna ya shiga. A watan Janairun 2013 aka sami rahotannin wasu kwamfutocin Samsung da ke mutuwa murus, ko alamar kamfani ba sa nunawa, bayan an tayar da Ubuntu a kansu. Nan take aka ɗora laifin a kan wani direban Linux, aka kuma toshe shi. Makonni kaɗan bayan haka Garrett ya kashe irin wannan kwamfuta daga cikin Windows, da 'yar manhajar da ba ta yi komai ba illa rubuta bayanai da yawa a ƙaramar ma'ajiyar allon, abin da ƙa'idar UEFI ta halatta. Ciwon yana cikin manhajar allon tun daga masana'anta, Linux ce kawai ta fara taka wurin. Wannan labari ya cancanci a riƙa tunawa da shi, domin ya karya ƙa'idar shaidu biyu ta wata fuska: abu ya lalace a manhaja ɗaya kawai, amma laifin ba nata ba ne.

A 2016 masu Lenovo Yoga 900 suka tarar Linux ba ta ganin faifan SSD ko kaɗan. An kulle mai sarrafa faifan a tsarin RAID na Intel, an kuma ɓoye zaɓin mayar da shi AHCI. Bayan hayaniya kamfanin ya fitar da sabuwar BIOS mai zaɓin. Wannan matsala ba ta mutu ba. Har yanzu kwamfutoci da yawa suna zuwa a tsarin RST ko VMD na Intel, mai ɗora Linux ya tarar babu faifai, ya yanke hukuncin cewa SSD ta ƙone. Idan kuma ya canza saitin kai tsaye ba tare da ya shirya Windows ba, ita ce za ta ƙi tashi, ta nuna shuɗiyar fuska.

Na baya-bayan nan ya faru ne ranar 13 ga Agustan 2024. Tun 2020, lokacin da masu bincike suka bayyana raunin GRUB da aka yi wa laƙabi da BootHole, ake neman hanyar soke amincewa da tsofaffin manhajojin tayarwa masu rauni, aka ƙirƙiro tsarin da ake kira SBAT. Microsoft ta tura sabuntawa da ke hana tsofaffin sigogi tashi, ta kuma ce ba za ta shafi kwamfutocin da ke da Linux a gefe ba. Dabarar gano irin waɗannan kwamfutoci ta gaza a wurare da yawa. Masu Ubuntu da Debian da Mint suka wayi gari da saƙon cewa an keta dokar tsaro, inji kuma ya kashe kansa. Mafita ta wucin gadi ita ce a kashe Secure Boot, a goge dokar SBAT ɗin, a sabunta Linux, a sake kunnawa. Cikakken gyara daga Microsoft bai zo ba sai watan Mayun 2025, wata tara bayan nan.

Abin da ya sa wannan tarihi ya shafe mu a yanzu shi ne kasuwar kwamfutar hannu. Galibin kwamfutocin da ake saya a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja tsofaffin injinan ofisoshin Turai da Amurka ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Kwamfutoci masu yawa da ke aiki lafiya a ofisoshin lauyoyi da ɗakunan ɗalibai ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma ajiye Linux a gefe na daga cikin hanyoyin da suka rage musu. Su kuma masu sababbin injina suna da nasu tarko. Windows 11 tana yawan kulle faifai da BitLocker ba tare da mai shi ya lura ba, mabuɗin kuma yana ɗaure da yanayin da allon yake a lokacin tashi. Mai gyara ya shiga saiti ya kashe Secure Boot don ya ɗora Linux, Windows ta farka ta ga an taɓa ƙofa, ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Idan lambar tana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, abin ya zo da sauƙi. Idan babu wanda ya san inda take, shari'o'in lauya ko kundin digirin ɗalibi sun tafi, duk da cewa faifan bai yi ko ƙwarzane ba.

Hatimin da Microsoft ta yi amfani da shi wajen amincewa da shim tun farko an yi shi ne a 2011, wa'adinsa kuma watan Yunin 2026 ne. An fitar da sabo a 2023, amma sai allon kwamfuta ya karɓe shi ta hanyar sabuntawa kafin ya gane abin da aka buga wa sabon hatimin. Allunan da masana'antunsu suka daina kulawa da su, irin waɗanda ke cika kwantenoni zuwa Legas, su ne a ƙarshen layin wannan sabuntawa.